Ambulan ɗin da Baba ya buɗe da reza

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma har yau idan na ce "Allah Ya jiƙan shi" sai na ji na cije haƙori. Ba ƙaddara nake wa fushi ba, Allah Ya kiyaye. Mutane nake wa, kuma ni ma ina cikinsu. Duk shekara idan wannan wata ya kama sai in rubuta masa addu'a layi biyu in tura wa dangi ta waya, a ce amin, a wuce. Bana na gaji da layi biyu.

Daga Doha nake rubutun nan, daga ɗakin da nake haya a Al-Sadd, ina karatun digiri na biyu. A garin nan ya rasu, a nan aka binne shi, shekara uku kafin in zo. Bas ɗin da ke kai ni makaranta ta gaban benen da ya yi gadi take bi. Har yanzu akwai mai gadi a ƙofar wurin ajiye motocin, da shuɗiyar riga da hula, yana ɗaga wa motoci sanda. Wani ne daban, amma ba na wucewa ban dube shi ba.

Yaya Habibu Faransanci ya karanta a jami'a. A unguwarmu a Malumfashi wannan kaɗai ya isa abin tsokana. "Bonju", gaisuwar Faransawa, suka raɗa masa, shi kuma ya amsa da fara'arsa. Ƙa'idar karatun ita ce a shekara ta uku ɗalibi ya bar jami'arsa ya je ya zauna cikin masu harshen, ya ci tare da su, ya yi ciniki da su, har harshen ya zauna a bakinsa. Yawancin 'yan ajinsu ƙasashen maƙwabta aka tura su. Shi da wasu biyu da suka fi kowa maki aka zaɓa zuwa wani ƙaramin gari a gabashin Faransa. Ina da shekara goma sha uku lokacin, kuma na ishi 'yan ajinmu da labarin.

Ranar da suka isa aka sa su sa hannu cewa ba Turanci, ba wani yare, Faransanci kawai, har a masauki. An sauke shi gidan wata tsohuwar malama mai suna Madam Odil. Makon farko burodi da ruwan shayi ya rayu a kai, saboda kunyar tambaya ko akwai alade a miya, har matar ta gane da kanta, ta ja shi kasuwa ta sayi sabuwar tukunya ta rubuta sunansa a gindinta. Abincin ranar Lahadi awa biyu ake yi a teburi ana gardama, kuma ba a yarda ka yi shiru ba. Shi da aka raine shi a kan cewa yaro ba ya sa baki a maganar manya, sai ga tsohuwa tana buga cokali a faranti wai sai ya faɗi ra'ayinsa. Ta ɗora masa sayen burodi kowace safiya, ta kuma haɗa baki da mai gidan burodin kada ya miƙa masa sai ya faɗi abin da yake so daidai. Ya ci wani cuku da ya ce warinsa ko daddawa albarka. Shi kuma ya kaɗa musu miyar kuka da garin da aka ƙulla masa daga gida, maƙwabta suka shigo kallo. A wata na biyar ya fara mafarki da Faransanci, ya ce da dariya ya farka.

Da shekara ta ƙare, makarantar ta ba kowane ɗalibi sakamakonsa a farin ambulan, an liƙe, an buga hatimi a bakin, an sa hannu a gicciye. Aka ce kowa ya miƙa wa jami'arsa a haka, ba a buɗe ba.

To, a gidanmu duk abin da ka samo, kafin ka kai shi ko'ina sai ka ajiye shi gaban Baba ya sa albarka. Takardar gama firamare, sabon keke, ko da kaza ce aka ba ka kyauta. Yaya ya iso ranar Alhamis da la'asar, gida cike da 'yan sannu da zuwa. Ya durƙusa ya miƙa wa Baba ambulan ɗin, sai abokansa suka ja shi waje. Baba tela ne. Ya juya ambulan ɗin gaba da baya, ya ce ai ba a sa wa abu albarka a rufe. Ya ce, "Ke Bilki, miƙo mini rezar nan ta kan keke." Ni na ɗauko ta. Ya bi bakin ambulan ɗin a hankali, kamar yadda yake farke ɗinkin babbar rigar mutane, don kada ya ɓata wa ɗansa takarda. Bai gane ko kalma ɗaya a ciki ba. Ya dube ta, ya yi addu'a, ya tofa, ya mayar. Da Yaya ya shigo ya ga bakin a buɗe na ga fuskarsa ta sauya, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Na gode, Baba. Allah Ya ƙara girma."

Jami'in jarrabawa na sashensu bai ko zaro takardar ba. Ya ga hatimi a yanke, ya turo ambulan ɗin da bayan biro. Yaya ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Mutumin nan Bahaushe ne, yana da uba, ya san mene ne sa albarka, amma ya ce shi wannan bai dame shi ba, a kawo wata. Yaya ya rubuta wa makarantar Faransa, suka amsa cewa a ranar za su aiko da kwafi, in dai jami'ar ce ta nema a rubuce. Ya koma, jami'in ya ce sashe ba ya roƙon takarda, ɗalibi ke kawowa. Ya je wajen shugaban sashe, ya ce shi ba ya shiga aikin wani. Wasiƙa ce fa mai layi uku! Shekara biyu Yaya yana zarya a kanta. Ya gama aji huɗu, ya rubuta kundinsa, har wa'adin da ake ba ɗalibi ya cika aka cire sunansa. Madam Odil da ƙafarta ta je ofishin makarantar can ta yi musu masifa. A gida kuwa ba wanda ya ko ɗaga kai.

Ranar da ya dawo da labarin ƙarshe ya kira ni soro. Ya ce, "Bilki, ke kaɗai kika ga abin da ya faru. Ki rantse Baba ba zai taɓa ji ba. Idan ya san hannunsa ne, ba zai sake samun kwanciyar hankali ba." Na rantse. Shi kuma ya shiga ya gaya wa Baba cewa sakamakon ne bai cika ba. Sauran labarin gari ya ƙarasa masa: wai ya je ya yi ta yawo da 'yan matan Turawa, ya koyo cin cuku, ya faɗi jarrabawa, ya dawo hannu rabbana. Baba ya ji, ya kuma yarda.

Ya ɗan koyar a wata makarantar kuɗi da ba ta tambayar takarda. Ya yi aure, aka haifi Hafsatu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya karɓi aikin gadi a Doha. Ranar tafiya ya durƙusa yin sallama, Baba ya ce masa, "Wannan karon dai ka tsaya ka yi abin da ya kai ka." Ina tsaye a wajen. Yaya ya ce, "In sha Allahu, Baba." Shekara huɗu ya yi yana ɗaga sanda. Wata azahar cikin tsananin zafi ya zauna a kujerar gadi bai sake tashi ba. Takardar asibiti ta ce zuciya ce.

Da na zo garin nan na nemi waɗanda suka san shi. Malam Isiyaku, wani direba ɗan Zamfara da suka zauna ɗaki ɗaya, shi ya kai ni Asian Town, kasuwar da ma'aikata baƙi ke taruwa ranar hutu, ni da Rakiya, abokiyar karatuna 'yar Nijar. Ya nuna mini wani benci kusa da mai shayi. Ya ce, "Hajiya, kin ga wancan? Ofishin yayanki ke nan. Duk Juma'a bayan masallaci 'yan Gini da 'yan Mali da 'yan Kamaru layi suke yi. Wannan kafil ɗinsa, ubangidan da ya kawo shi aiki, ya ba shi takarda bai gane ba, wancan likita ya yi masa bayani da Turanci bai ji ba. Yayanki zai karanta, ya fassara, ya ce yalla mu je, ya raka mutum har asibiti. Ko shayi ba ya yarda a saya masa. Da ya rasu, khalas, shi ke nan, ba wanda ya maye gurbinsa." Sannan ya miƙo mini wata leda. Ya ce a ƙarƙashin katifarsa suka same ta, kuma bai haɗa ta da kayan da aka tura gida ba, don Habibu ya taɓa ce masa ko ya mutu kada takardar nan ta koma gidanmu. Tun kafin in kwance ledar na hango yankan rezar.

Nan take Rakiya ta karanta mini, da yake ta iya Faransanci. Ta bayyana mini cewa can bisa ashirin ake ba da maki, kuma wanda ya samu sha huɗu ma murna yake yi. Tana cikin karantawa ta tsaya ta dube ni. A ƙasan takardar wata malamarsa ta rubuta da hannunta cewa tana fatan ya dawo ya ci gaba da karatu a wajensu. Na zauna a bencin nan na yi kuka a gaban maza, ban damu da wanda ke kallo ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo ya ga yau. Sashen nasu yanzu ta imel yake karɓar sakamako, ba ambulan ba hatimi, ba abin da reza za ta yanka. Jami'in nan ya yi ritaya bara, aka yi masa walima, na ga hotuna a waya ana yabonsa da riƙon ƙa'ida. Yaran da ke zuwa karatu ƙasashen waje kuwa sai su nuna wa allo waya ta fassara musu, su shekara cikin mutane ba su zauna teburinsu ba. Na san Yaya dariya zai yi, ya ce waya ba za ta koya maka gardama da tsohuwa ba. Ba zai yi fushi da kowa ba, kuma wannan halin nasa ne ke ƙara tunzura ni. I, shi ma ina fushi da shi. Ya zaɓi kwanciyar hankalin Baba a kan sunansa, ya manta cewa akwai wadda za ta gaji sunan.

Watan jiya Hafsatu ta kira ni tana kuka. Shekararta goma sha biyu yanzu. Ta zo ta ɗaya a Faransanci a ajinsu, ta kai wa kakanta takardar ya sa albarka, kamar yadda aka saba. Da ya ji darasin, ya ture takardar. Ya ce, "Wannan yaren ne ya lalata ubanki. Ki rabu da shi, ki kama lissafi." Bai ɗora hannu ba, bai tofa ba. Yarinyar ta ce da ni, "Gwaggo, da gaske Abbana faɗuwa ya yi?" Na ce mata layin ba shi da kyau, zan sake kira. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da rantsuwa, ranar ce na ga inda ta kai mu.

Me ya rage na Habibu? Ba digiri, ba hoto da hular kammala karatu. Akwai tukunya mai sunansa a wani gida a Faransa, in ba a jefar ba. Akwai benci a Asian Town da mutanen da har yau suke masa addu'a da harshen da aka ce ya faɗi a cikinsa. Akwai kuma yarinya mai kunne irin nasa, wadda ake neman hana ta abin da ta gada saboda ƙaryar da ni da shi muka shuka.

Idon Baba ya yi rauni. Hafsatu ce ke karanta masa jaridar nan da rubutuna ya fito a cikinta duk Asabar da hantsi, kuma na san haka tun kafin in ɗauki biro. Na karya rantsuwata da gangan. Juma'ar da ta wuce na ciyar da mutum goma kaffara, a kan bencin nan.

Baba, ku gafarce ni. Ba ku yi laifi da kuka so ganin abin da ɗanku ya samo ba, ni na miƙo rezar kuma ni ma ban sani ba. Laifin yana kan wanda ya ƙi rubuta layi uku, da mu da muka rufe ku. Amma ɗanku ya mutu yana ɗauke da maganar da kuka yi masa ranar sallama, kuma ba zan bari 'yarsa ta ɗauki irinta ba.

Hafsatu, na san muryarki ta fara rawa. Kada ki tsaya. Karanta a hankali yadda Baba Tsoho zai ji. Nahawu, sha shida bisa ashirin. Adabi, sha bakwai. Magana da baki, sha takwas. Abbanki bai faɗi ba. Yanzu tashi ki ɗauko takardarki, ki sake ajiye ta a gabansa.