Wadda Na Koya wa Riƙon Kwarashi

Ni ce na koya mata riƙon kwarashi, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Lokacin ina akawu a wani ofishin gwamnati a GRA, ita kuma tana buga takardu a ɗakin da ke kusa da nawa. Babarbariya ce daga Old Maiduguri, na girme ta nesa ba kusa ba. In an fita hutun rana nakan zauna gindin darbejiya ina saƙa, abin da na koya tun ina yarinya wurin matan cocinmu a kudancin Borno. Wata rana ta tsaya a kaina ta ce, "Anti, ki koya mini mana." Na ba ta tsohon kwarashina da guntun zaren ulu. Sati biyu tana fama, zaren yana zame mata, ina gyara mata yatsu ina dariya.

Bayan wata shida wata malamar makaranta ta buɗe mana gurup a waya, mu mata goma sha biyu. Sharaɗin shi ne kowace ta saƙa falle ɗaya kamar faɗin tafin hannu kullum, har kwana talatin, ta tura hotonsa. A ƙarshe a haɗa su barguna, a kai wa masu jego a wani ƙaramin asibiti a Khaddamari. Ni na sa aka shigar da ita.

Kwana huɗun farko nawa ake yabo. A rana ta biyar ta turo wani falle kore da fari, zanensa irin na hulunan Borno. Ashe mahaifinta ɗinkin hula yake yi, ta tashi tana ganin zanen, yanzu ta juyo shi cikin saƙa. Gurup ya rikice. Wannan ta ce masha Allah, waccan ta ce a koya mata. Nawa hoton yana sama da nata, ba wadda ta tanka. Na rubuta "Ya yi kyau", na kife wayar.

Gaskiya ni ba mai ƙarasa abu ba ce. Akwai rigar sanyi a akwatina da ta shekara uku ba hannu ɗaya. Ga zafin watan Afrilu, zare yana manne wa yatsu don gumi. Mata biyar sun sare kafin kwana goma. Ni kuwa da na idar da addu'ar safe sai in duba ko ta tura, in buɗe hoton in ƙara girmansa ina neman kuskure. In ban samu ba, sai in warware nawa in sake. Ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni sai da na saƙa, don kada a ce ɗalibata ta yi ni ban yi ba.

Ana saura kwana goma ta same ni a gindin darbejiyar.

"Anti, yaya ake haɗa fallayen ba tare da bakin ya yi tudu ba?"

Na san yadda ake yi sarai. Na ce, "Kai, na manta, ƙanwata. An daɗe."

Ta dube ni kaɗan, ta ce, "Ba komai." Kwana uku bayan haka ta turo hoton haɗin da ta ƙirƙiro da kanta. Ya fi nawa kwanciya.

Mu huɗu muka cika talatin ɗin. Ranar Asabar muka je Khaddamari, ma'aikaciyar jinya ta shimfiɗa bargunan a benci ta ce masu jego su zaɓa. Hannu uku suka sauka kan nata lokaci guda. Nawa ne ya rage ƙarshe. Wata dattijuwa ta ɗauka wa jikanta, ta murza shi ta ce, "Wannan ya fi kauri, zai yi maganin sanyi." Na yi godiya.

A cikin Keke Napep muna dawowa ni da ɗalibar tawa na kasa riƙewa.

"Haɗin nan da kika tambaye ni, ban manta ba."

Ta yi dariya har da rufe baki da gyale. "Na sani, Anti. Wallahi kwana biyu ina fushi da ke." Ta gyara zama ta ce, "Amma ya wuce."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bara ta bar aikin ofis, ta buɗe ɗan shago a unguwarsu, tana da nata ɗaliban. Muna gaisawa, ta zo bikin ɗiyata da abin arziki. Kwanakin baya na roƙi maƙwabciyata ta sayo mini hular jarirai a shagon, na ce kada ta faɗi ko ta wace ce. Na zauna na warware ta layi-layi ina kallon inda take juya zaren. Na gane dabarar tun a layi na uku. Na gwada sau huɗu, har yau tawa ba ta zauna kamar tata ba.