Ranar da Na Jera Yara Kamar Kalmomi

Har gobe ba ni mancewa da ranar da naj jera ɗiyan mutane a bakin hanyar Goronyo, ina ganin Turanci nike koyarwa. Ku malaman yanzu ku saurara.

Shekaru kaɗan kahin Turawa su tahi, ina gama makarantar horon malamai En'e, hukumar gargajiya, tat tura ni wata elemantare, a wani gari tsakanin Goronyo da Rimawa. Ni ɗan cikin Sakkwato ne, na saba da hayaniya da abokai. Can kuwa ɗakina shina jikin makaranta, bayan gari, daga ni sai kukan jakkai. Wuri guda nike samun mai yi min magana, zauren Liman. Bayan magariba nikan zauna daga gehe, a ci tuwo da ni, a yi ta tsokanata da “Malam Ƙarami”.

Ga yadda aikin yake. Hedimasta ke riƙe da makaranta. Sama da shi akwai Bizitin, babban malamin da ke zagaya makarantu shina duba aiki, shi kai rahoto ga Baturen Makaranta. In ya ishe ajinka wayam, ba ya tambayar dalili. Rubutawa zai yi ba ka iya riƙon yara ba, shi ke nan, ka koma gida. Iyaye kuwa da ma ba son boko suke ba, hakimi ke sa a kawo yaran. Hanyar janye su kawai ake nema.

Babban aji anka ba ni, masu hwara Turanci. Kalmomi sun iya su, jerawa ce ta gagara. Mu muna cewa jar albasa, muna cewa albasa ja, duk daidai. Turanci ba ya yarda da wannan. Sifa gaba, suna baya. Mai aiki shi hwara zuwa, aikin shi biyo, sannan abin da anka yi wa aikin. Na yi bayani har muryata ta dishe, gobe kuma sai yaro shi rubuto min “onions red”.

Sai dabara taz zo min. Nab ba kowane yaro allo, nar rubuta mai kalma guda da alli, nac ce su tashi su jera kansu har jimla ta hito. Kai! Abin ya ci. Mai riƙe da “the” shi ruga gaba, mai “sells” shi shige tsakiya, wanda yat tsaya ba wurinai ba a yi mai ihu. Wanda yah hi kowa ganewa wani yaro ne, Maidamma, ɗan Ɗanbaba, manomin da ke barantaka gidan Liman tun kakanni. Kahin in gama raba alluna ya san inda kowa zai tsaya.

Daɗi yak kwashe ni. Ranar kasuwar Goronyo nah hito da su hili, bakin hanya, don gari shi ga aiki. Jimlar ita ce “The farmer sells red onions.” Maidamma ke riƙe da “red”. Buhari, jikan Liman, ke riƙe da “onions”. Da anka jera, sai Buhari yak kewayo yat tsaya gaban Maidamma, Maidamma kuma yaj ja baya ba musu.

“Buhari, koma baya,” nac ce.

“Malam, bayan wa?”

“Bayan Maidamma. Sifa ka shiga gaba.”

Bai motsa ba. Nak kama kahwaɗatai nam mai da shi, nas sa sunka yi maci suna hwaɗin jimlar. Masu jakkan albasa sunka tsaya suna kallo. Ba wanda yay yi dariya. Ni kuwa na ɗauka burge su nay yi.

Washegari Buhari bai zo ba. Maidamma ma bai zo ba. Kahin mako shi zagayo, ajin ya watse, sai 'yan ƙalilan da ke leƙowa su gudu. Naj je zauren Liman da magariba, nay yi sallama, anka amsa, amma ba wanda yam matsa min wuri. Nat tsaya kaɗan, naj juyo.

Kwanakin nan ba ni son tuna su. In buga ƙararrawa, in shiga aji, in jingina allunan da bango, in jera su ni kaɗai, in karanta. Har nakan sauya musu wuri in gyara, don dai in ji murya a ɗakin. Mai hura ta daina biyowa ta bayan gari. In na gai da mutum a hanya shi ce “lahiya lau” shina tahiya. Ana cikin haka saƙo ya iso, Bizitin na nan tahe.

Hedimasta, Malam Ango, dattijo ne ɗan ƙasar. Yak kira ni gindin itacen bedi.

“Kai ɗan birni, wa yac ce ka taɓa sahu?”

“Ranka shi daɗe, ƙa'idar Turanci ce.”

“Ƙa'idar Turanci! To ta zo ta cika maka aji. Uban Maidamma da kainai yat tahi gidan Liman shina ba da haƙuri, shi da bai yi komi ba. Tashi ka tahi. Tuɓe takalmi tun daga nesa. Kuma don Allah kak ka yi bayani, na san bakinka.”

Na tuɓe takalmin, na durƙusa. Amma bayani sai da nay yi. Nac ce, “Allah shi gafarta Malam, ban nuhi wulakanci ba. Kalmar da ke hannun Maidamma ita ka zuwa gaba, haka harshen yake.”

Liman yad daɗe shina jan tasbaha. Sannan yac ce, “Mu ma mun karanta nahawu, Malam Ƙarami. Ko Larabci kowace kalma da mazauninta. Amma ka taɓa ganin na kama almajiri na ce kai ne fa'ili, mai aiki, koma nan?”

Mutanen zaure sunka yi 'yar dariya, shi bai yi ba.

“A masallaci wanda yar riga zuwa shi ka tsayawa gaba, ko bara na. Wannan sahun Allah na. Naka na wa na?”

Liman yac ci gaba.

“Jera kalmominka yadda Nasara ka so, ba mu hana ka ba. Mutane kuwa an jera su tun ba a haihe ka ba. Mi za ya hana yaran su tsaya inda suke, allunan su yi yawo?”

Haka anka yi. Liman ya aika gida gida, yara sunka dawo. Su tsaya bisa tsarin da sunka sani, babba gaba, ƙarami baya, su riƙa miƙa wa juna alluna har jimla ta daidaita. Bizitin yaz zo, yag ga aji cike, yag ga alluna na wucewa hannu da hannu, yar rubuta rahoto mai kyau. Aikina ya tsira.

Maidamma ne kaɗai bai dawo ba. Nab bi sawunai har hwadama, na ishe shi da ubanai suna ban ruwan albasa. Ɗanbaba na ganina yad durƙusa cikin laka, dattijo da hurhura, gaban yaro kamata.

“Baba, tashi don Allah. Maidamma naz zo nema. Ba ni da kamatai a ajin.”

“Abin da nike tsoro ke nan, Malam. Ka ruhwa muna asiri. Yau ka sa shi gaba, gobe a yi maka canji ka koma birni. Mu nan muka kwana.”

Yaron bai ɗago kai ba, shina ta jan ruwa. Nay yi musu sallama, nat taka zuwa bayan gari ni kaɗai.

Har yau ban ce na yi laihi ba, ban kuma ce garin ya yi ba. Abin da nas sani shi ne, na shekara talatin da wani abu ina koya wa yara abin da ke zuwa gaba da abin da ke biyo baya a jimla, kuma wannan duk mai littahi ya iya shi. Wanda ba a koya muna ba a makarantar horo shi ne, yaron da ke gabanka ba daga sama yah hwaɗo ba. Da gidansu, da wurin tsayuwarsu, kuma in an tashi makaranta can za shi koma ba tare da kai ba. Kahin ka matsar da ɗan mutane ko da taki guda, ka tambayi wa zai biya kuɗin takin.