Bututun da Na Toshe a Bayan Masallaci

Na yi ayyuka da yawa tun da na zo Madina, wasu ko sunan unguwarsu na manta, amma akwai wani ɗan bututu da na yanke da hannuna wanda ba zai taɓa fita daga raina ba.

Aikin famfo nake yi. A lokacin ina zaune a Harra ta Yamma, sai kamfaninmu ya samu aiki a wani ƙauyen masunta a bakin teku, gaba da Yanbu kaɗan. Kowane gida a can yana da bayyara, wato ramin da ruwan ƙazanta ke taruwa, kuma idan ruwan teku ya taso sai ramukan su cika su yi ambaliya, wari ya hana mutane zama a ƙofar gida. Aikinmu shi ne mu haɗa dukkan gidajen da babban bututu zuwa sabuwar matatar ruwan ƙazanta da aka gina a bayan gari. Ni kuwa a wancan lokacin ina ji da kaina. Idan muhandis, wato injiniya, ya miƙo mini zane, ko tambaya ba na yi, don kada a ce ban gane ba.

Ranar da muka isa masallaci, ina haƙa a bayan wurin alwala sai na ci karo da wani tsohon siririn bututu da ya bi ta ƙarƙashin katangar wani gida. Na duba zane, babu shi. Na ce a raina ai irin waɗanda ke zubar da ruwa cikin teku ne. Na yanke shi, na toshe bakinsa, na juya ruwan alwalar zuwa babban layi, na kakkaɓe hannu ina jin na yi gwaninta. Wanda ya koya mini aiki a gida ya sha gaya mini cewa kada in yanke bututu sai na bi shi na ga ƙarshensa. Ranar zafi ya yi yawa, na ƙi bi.

Bayan kamar mako uku, ina tsaye a gindin katangar ina waya da matata, sai na ji murya daga cikin gidan.

"Kai mai Hausa! Ta'al, zo nan ɗana."

Na shiga da sallama. Wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, idanunta sun yi fari, ba ta gani sai inuwa-inuwa. A ƙauyen aka haife ta, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Bayan mun gaisa ta ce, "Ina da tambaya, kuma ina jin kunyar yi wa maƙwabta. Mutanen garin nan sun daina salla ne?"

Na yi dariya, na ce, "Haba Kaka, masallaci cike yake."

"To ina moya? Ina ruwan?" Ta shafa ƙasar da ke gefenta. "Shekara da shekaru, kowace salla sai ƙasar nan ta jiƙe. Ran Juma'a har ƙafata take kaiwa. Yanzu taɓa ka ji."

Sai a lokacin na ɗaga kai. Bishiyoyin zogale uku ne a jikin katangar, ganyensu ya yi rawaya ya zube, ta tsakiyar kuwa ta bushe ƙarau. A gindinsu ga ƙarshen bututun da na yanke, gizo-gizo har ya yi saƙa a ciki.

Ta ba ni labari a hankali. Kakarta ce ta taho aikin hajji a ƙafa, da irin zogale ƙulle a bakin zane. Ba ta koma gida ba, a ƙauyen nan ta zauna ta shuka shi. Duk bishiyar da ta tsufa sai a shuka 'ya'yanta a gurbinta, kuma mijin tsohuwar ne ya ja bututun daga masallaci kafin ya rasu, don ruwan alwala ba najasa ba ne. "Ni ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba," in ji ta. "Wannan ita ce tawa."

Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma na ce, "Kaka, ni na toshe shi."

Ta sake shafa busasshiyar ƙasar. Can ta ce, "Alhamdu lillahi. Da na ɗauka sallar ce aka bari." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na je na sami muhandis, karo na farko da na taɓa ce masa akwai abin da zanensa bai sani ba. Ya zo ya gani da idonsa, ya yarda a ware ruwan alwala daga na banɗaki, a sa masa ɗan akwatin tsakuwa da yashi ya riƙa tacewa. Kwana biyu na yi ina aikin. Da aka yi alwalar la'asar ruwa ya fito, tsohuwar ta sa tafin hannu a ƙasa ta ce, "Yau sahu biyu ne." Na leƙa masallaci, sahu biyu ne.

Bishiyoyi biyu sun farfaɗo. Ta tsakiyar ba ta dawo ba, kuma ita ce wadda mijinta ya shuka.

Ranar da za mu koma Madina ta ba ni iri bakwai a ƙullin leda. Ɗaya ya tsiro, yana nan a tsakar gidana, a gindinsa nake alwala. Matatar tana aiki, warin ya tafi, kuma ina alfahari da hakan. Amma tun daga ranar na koyi cewa abin da babu shi a takarda ba yana nufin babu mai shi ba. Yanzu ko wane irin tsohon bututu na tarar, sai na ajiye zarto na bi shi har ƙarshe, na ga wanda ke zaune a can yana jira.