Hoton mai tsaron gida

Shekarun baya, lokacin korona, muna zaune a Setapak, wata unguwa a ƙasar waje, maigidana yana digirinsa na uku. Ni karatuna bai wuce sakandare ba, amma na iya ɗaukar hoto. Duk sunan da 'yan Najeriya suka yi, ni ake kira.

Da aka sassauta kulle, maƙwabciyata 'yar Afghanistan ta zo da roƙo. Malama ce a wata ƙaramar makarantar 'yan gudun hijira a saman shago, don 'ya'yansu ba sa shiga ta gwamnati. Ta ce ƙwallon ƙafa ce ke kawo 'yan matan aji, wadda ba ta zo karatu ba ba ta buga wasa. Hotuna take so na shafin makarantar na intanet, masu taimako su gani. Sharaɗin iyaye ɗaya ne: kada a gane 'yar kowa. A shekarar gwamnati ta sauya a ƙasarsu, danginsu na can cikin tsoro.

Ni da taƙamar tsari. Na farko, na ɗauke su ta baya, ko ƙafafu kawai. Na biyu, na goge duk hoton da fuska ta fito. Na uku, na sa wa sauran lamba. Ɗaya ne na tsaya a kansa: mai tsaron gida, 'yar shekara sha huɗu, ta yi sama ta cafke ƙwallo, da takunkumi a fuskarta. Na ce ai takunkumi ya rufe ta. Gaskiyar magana, kyan hoton ne ya rinjaye ni.

Ban kula da ɗankwalinta ba. Kakarta ce ta yi masa adon zare a gefe. Da aka sa hoton a shafin, wani ɗan'uwansu a can ƙasarsu ya gane adon, ya kira uban.

Na je wurinsa da kaina, malamar tana fassara. Na ce mun cire hoton. Bai ɗaga murya ba, har shayi ya zuba mana. Ya ce, "'Yar'uwa, kun cire a shafinku. Wa zai cire a wayoyin mutanen garinmu? Ƙanena yana can."

Ya hana ta wasan, ya hana ta makarantar. Wasu iyayen suka bi sahu.

Kafin mu dawo gida na gan ta a wani shagon abinci tana ƙulla shinkafa a leda. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce, "Anti, hoton ya yi kyau? Ban gan shi ba." Na ce ya yi.

Mutane sun ce niyyata mai kyau ce. Ban ga abin da niyyar ta tsinana mata ba. Duk shekara ina tuna ajin da ya kamata a ce tana ciki. Da bana jami'a za ta shiga.