Motar da Ta Ci Sunan Baba

A gidanmu, tun zamanin mahaifina, mutum ɗaya ne ke taɓa mota. Baba muke ce masa, ko da yake ba jini ya haɗa mu ba. Makanike ne, garajinsa na kan hanyar gadar Binuwai a nan Garwa, kuma shi ya riƙe duk motocin da suka taɓa kai atamfofinmu Marwa da Banyo. Bai gina bene ba, bai tara garke ba. Suna kawai ya tara: in aka ce Baba ya duba mota, direba zai kama hanya hankali kwance. Wannan sunan ne motata ta cinye, kuma har yau ban huce ba.

Motar lantarki ce, cikin sababbin nan da sai ka yi ta gwada sunansu kafin harshenka ya saba. A Duwala na saye ta. Mai sayarwa ya zuba min daɗin baki: ba fetur, ba baƙin mai, ba hayaƙi, in kuma wani abu ya taso waya kawai zan ɗaga. Na sa aka kafa min sola a rufi, na ce tunda ranar Garwa kyauta take dafa mu, gara ta yi mana aiki. Na yi watanni ina shawagi a gari shiru, ina jin kaina.

Da zafin bazara ya kai maƙura, wata rana da hantsi ta ƙi tashi. Allon gabanta ya kawo jan rubutu, shi ke nan. Na kira Duwala, wata mata mai sanyin murya ta ce, "Mesiye, ka yi haƙuri, teknisiye, wato makaniken kamfani, na nan tafe." Yau yana Yawunde, gobe ya tafi hutu, jibi ana jiran wani abu daga jirgin ruwa. Na riƙe gaisuwarta da ka kamar karatun allo. Mota kuwa tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida.

A wurinmu, motarka ta kwanta ba ka kira makaniken gida ba, zagi ne. Kullum da safe Baba zai wuce a kan moto, wato babur, ya tsaya ya gaishe ni da Fulatanci ya ce, "Jam na?" ya saci kallon motar, ya yi gaba. Mahaifiyata ce ta kasa daurewa.

"Kai, abokin ubanka kake wulaƙantawa? Unguwa duk ta ɗauka ka daina yarda da hannunsa."

"Inna, kamfani ya ce kada kowa ya taɓa ta sai mutanensu."

"Kamfanin ne ya yi wa ubanka wanka ranar da ya rasu, ko shi?"

Na aika aka kira Baba.

Ya zo da akwatin sifanoninsa, ya yi bisimilla, ya ɗaga bonet. Ya yi dariya ya ce, "To ina kayan cikin nata?" Can ya ga wani murfi da aka liƙa wa 'yar takarda rawaya a baki. Ya sa farce ya tsaga ta, ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallon wayoyi masu kauri. Sannan ya mayar ya rufe.

"Ɗana, wannan ba tawa ba ce. Ka jira mutanenta."

Ko noti ɗaya bai kwance ba. Ina tsaye a gefensa, da idona na gani.

Ranar da teknisiyen ya iso daga ƙarshe, unguwa ta taru: masu moto, mahautan bakin layi, maƙwabta. Baba ma ya sa wankakkiyar riga ya zo tarbar baƙo, wai ko ya ƙaru da wani abu. Teknisiyen, wani saurayi, ya ajiye kwamfutarsa, ya ɗaga bonet, idonsa ya faɗa kan tsagaggiyar takardar. Ya ɗauki hoto. Ya ɗaga murya ya tambayi wanda ya buɗe.

"Ni ne," in ji Baba.

Saurayin bai ko dube shi ba. Ni ya fuskanta, ya ce da Faransanci garanti ya faɗi, kuma haka 'yan kame-kamen bakin titi suke kashe wa mutane motoci. Masu jin Faransanci suka juya wa sauran da Fulatanci da Hausa, kowa da nasa gishirin. Kafin la'asar, labari a babbar kasuwa shi ne Baba ya ƙona motar Alhaji, wato tawa.

Abin da ya fi ƙona min rai a cikin falona ya faru. Muna cin kifi, saurayin nan ya faɗa min da bakinsa cewa wani ƙaramin akwati ne can ta baya ya mutu, ba ya jure zafi irin namu, kuma ba ruwansa da murfin da aka buɗe. Na ajiye cokali na ce ya fito waje ya maimaita. Ya ce ba huruminsa ba ne, sai patron, wato ubangidansa, ya yarda. Ya wanke hannu ya koma filin jirgi.

Na yi ta kiran Duwala. Na ce su riƙe garantinsu, su riƙe motar ma in suna so, mutum ɗaya kawai ya yi magana ta waya a gaban jama'a ya ce ba tsohon nan ba ne. Matar ta ce sun ji ƙorafina. Na zage ta, Allah ya yafe min, ta kuma gode min da kira.

Na bi kasuwa rumfa-rumfa ina rantsuwa. Sai a yi murmushi a ce, "Alhaji ɗan halak ne, yana rufa wa abokin ubansa asiri." Duk rantsuwar da na ƙara sai ta ƙara tabbatar musu. Direbobin da suka girma a hannunsa suka fara zagaye garajin, filin da a da ba wurin ajiye ƙafa ya koma sai inuwa da tsofaffin tayoyi. Motar kuwa har yanzu tana inda take, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Da damina ta faɗi, na tuƙa tsohuwar motar kayan shago da kaina na kai masa. Na tarar da shi zaune a benci shi kaɗai.

"Baba, birki ne ke ƙara."

Ya tashi a hankali, ya zagaye motar, hannuwansa biyu a baya.

"Ka tambayi Duwala tukuna?"

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Shi bai yi ba.

"Kai ta gaba, ɗana," ya ce. "Ni na daina taɓa motar mutane."