Mai Kankana da Tsohon Kamshaf

A bakin gareji wani dattijo yana tsugune, rungume da kamshaf, wani dogon ƙarfe na cikin injin tsohuwar motarsa, baƙin mai duk ya ɓata masa riga. An kwance injin, bakanike ya ce, "Baba, ƙarfen nan ya cinye. Zai iya kai ka, zai iya ajiye ka a daji. Mu mayar ko mu sake?"

Dattijon yana jujjuya shi, yana auna nauyinsa a hannu. Sai ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne. Fataucin kankana yake yi da motar, kayan da ba sa jiran gyara.

Ya sake ƙwanƙwasawa, ya ɗago a rikice.

"Ɗana, da kankana ce, da tuni ta gaya mini cikinta. Wannan ya ƙi magana."