Gara Ba Ta San Asali Ba

Alhaji Bala na Soron Ɗinki ya dawo mana da goron neman auren 'yarsa da muka kai saboda ɗana Nura. Bai ko sakaya dalili ba: wai ba mu da asali, jinin bayi ne mu, baƙinmu ma ya isa shaida. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, rini na gada a Ƙofar Mata, amma tun ranar nake juya kalmar nan, asali. Wa ya fara raba shi? Da wane mudu aka auna?

Sai kakata Iya Gambo ta faɗo mini a rai. In an ci tuwo, kafin garwashin murhu ya mutu, mukan kewaye ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ba ta jefo tatsuniya sai kowa ya kama bakinsa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wani masaƙi ne ya saƙa ƙyalle ɗaya, ya yanka uku. Ɗaya aka bar shi fari, ɗaya aka tsoma a ruwan baba sau guda, na ukun ya yi ta shan marina har ya yi baƙi wuluk. Da aka haɗa su a adaka, farin ya ce shi ne ɗa, shuɗin bara, baƙin bawa. Suna nan a haka sai gara ta shigo. Farin ya ce ta fara da bawa. Ta ɗanɗani wannan, ta ɗanɗani wancan, ta ce ita dai duk auduga take ji a bakinta.

Na tambaye ta wa ya gaya wa farin shi ne ɗa. Ta yi dariya har gyaɗa ta zube.

"Maigidan nan nawa ka cika tambaya. Ba wanda ya gaya masa. Faɗa ya yi, aka rasa mai musawa."

Shekara arba'in ina zaton labarin gara ne. Sai da na ga Nura, ƙato da shi, ya kasa haɗa ido da mutanen unguwa, sannan na gane ashe mu ne a cikin adakar.

Ranar Juma'a na tare Alhaji a ƙofar zaurensa, da rawanin turkuɗi a ka yana ƙyalli. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce:

"Alhaji, rawanin nan fari ya zo hannuna, ni na baƙanta shi, ka ɗora a ka kana taƙama. Abin da ka faɗa a kanmu kuwa, ni na musa. Ranar da gara ta iske mu a kabari, sai ka gaya mata ta fara da bawa."